Sa Hannun Baba Kunne

Kullum da asuba, in ya idar da salla, Baba Kunne yakan fito da kujera ƙofar gida da kofin shayinsa, ya zauna yana sauraron motocin da ke wucewa. Ba kallonsu yake yi ba, sau da yawa ma idonsa a rufe. Wannan bel ɗinta ya saki. Waccan rabonta da sabon baƙin mai tun bara. Matarsa takan ce da zai saurare ta rabin yadda yake sauraron injin mutane, da ba macen da ta kai ta sa'ar miji.

Shekara ashirin da shida yana kanikanci a kamfanin sayar da sababbin motoci. Mu abokan aikinsa muka laƙa masa sunan, saboda wata doguwar sukudireba da yake ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne. Da aka kawo kwamfutar binciken mota ya koya ba gardama, sai dai yakan faɗi ciwon kafin ya jona ta. Motocin garanti ne a hannunsa. In mota ta lalace cikin wa'adin da kamfani ya yi alkawarin gyara kyauta, shi ke dubawa ya rubuta ko laifin motar ne ko na mai ita. Manaja ba ya karanta takardar. Sa hannun Baba Kunne kawai yake nema a ƙasa.

Wata asuba ya ji motar Auta tun kafin ta karyo kwana, ya ajiye kofin. Auta ɗan ƙanwarsa ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya sayar da filin da ubansa ya bar masa ya sayi motar ɗaukar kaya sabuwa dal a kamfanin. Baba Kunne ne ma ya zaɓar masa ita.

"Kawu, ina kwana?"

"Lafiya. Wa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa?"

Auta ya fashe da dariya. "Wallahi Kawu kai da aljani ba ku da maraba. Wani mai kwamfuta ne a bayan kasuwa, ya ƙara mata ƙarfi. Yanzu da buhun siminti arba'in take haye tudun nan kamar ba komai a bayanta."

"Akwatin nan shi ke gaya wa inji yawan man da zai sha. Wanda ya ƙera ta ba wawa ba ne, ya san inda ƙarfenta ya tsaya. Kuma takardar da ka sa wa hannu ta ce ranar da aka taɓa shi, garanti ya faɗi."

"To wa zai sani?"

"Ni."

Auta ya ɗauka wasa ne, ya daki sitiyari yana dariya, ya ja motarsa.

Wata huɗu aka yi, inji ya buga a tsakiyar tudun. Kafin a jawo motar zuwa kamfani, Auta ya sa aka bi da ita ta wurin mai kwamfuta, wanda ya mayar da ƙwaƙwalwar yadda take a da, ya rantse masa ko mai ƙera motar ba zai gane ba.

Washegari ƙanwar Baba Kunne ta tarar da shi yana ɗaura takalmin aiki. Shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara tara bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita. Ko zama ba ta yi ba ta fara magana.

"Yaya, layi ɗaya ne fa za ka rubuta."

"Ban duba motar ba tukuna."

"Kai da ka ji ta tun daga kwana? Ya yi wauta, na sani, na zage shi har na gaji. Amma filin ubansa ne a cikin motar nan, da abincin jikokina. Kamfani inji ɗaya ba zai girgiza shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

A gareji ya buɗe injin. Fistin biyu sun narke a ka kamar kyandir. Ya jona kwamfuta. Abin da mai kwamfutar bayan kasuwa bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye, shi ne akwatin yana riƙe da adadin sau nawa aka yi masa rubutu. Ya kamata ya nuna ɗaya. Uku ya nuna.

Ya daɗe zaune a kan wata tsohuwar taya, biro a hannu. Ya san in ya rubuta laifin mota ne, da wuya wani ya bi sawu. Ba tsoron kora ne ya fi damunsa ba. Wata mata ce ta faɗo masa a rai, mai motar kai yara makaranta, wadda bara ya rubuta wa takardar hana garanti saboda direbanta ya yi irin wannan ganganci. Ta tsaya a bakin ƙofar gareji tana kuka, ya ce mata doka ce, ba shi ba ne. In yau dokar ta lanƙwasa saboda jininsa, to ashe ranar nan ba doka ba ce ta sa matar kuka. Shi ne.

Ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu.

Auta ya karanta a tsaye. "Kawu, ka yanka ni."

"Kai ka wasa wuƙar. Je ka nemo motar da za ta ja ta zuwa gidan uwarka."

Daga ranar ƙanwarsa ta daina ɗaukar wayarsa. Dangi suka yi ta magana: wai kamfanin na ubansa ne? Wasu a cikinmu ma sun ce taurin kan ya yi yawa. Ya shiga ofishin manaja ya nemi hutun mako biyu, mutumin da sai an yi da gaske yake karɓar na kwana uku. Kwana biyu bayan haka muka ga babur ɗinsa a hannun wani, ashe sayar da shi ya yi. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai yi bayani ba.

Ganin ƙarshe da na yi masa kafin a mayar da ni wani reshe, a ƙofar gidan ƙanwar tasa ne, na kai masa wata sifana da ya aiko a aro. Kwanansa tara ke nan a wurin. Ya shimfiɗa buhuna a ƙasa, ya jera kayan inji na hannu da ya bi kasuwa ya tsinto ɗaya bayan ɗaya. Auta na gefe da riga duk baƙin mai, yana miƙa abin da aka ce ya miƙo. A kwanakin nan tara uwar ba ta leƙo ba ko sau ɗaya.

Wajen la'asar ya ce Auta ya tayar da motar. Ta yi tari biyu ta kama. Ƙarar ce ta fito da ƙanwar tasa, riƙe da buta da sabulu. Ta ajiye kusa da ƙafarsa ba tare da ta kalle shi ba.

"Yaya, in ka gama ka wanke hannu. Abinci na hucewa."

Ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido.