Jujin da Ya Raba Gardamar Girma

Mahaifina da Baffa a rani ɗaya aka haife su, a gida ɗaya, a ƙauyenmu da ke kusa da Ketare. Iyayensu maza wa da ƙane ne. Ba wanda ya rubuta ranar, kuma manyan da suka gani da ido duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka tun da na yi wayo gardama ɗaya nake ji a zaurenmu: wane ne babba. In an kawo tuwo, kowa sai ya yi wuf ya riga sa hannu, har a ƙona yatsu. In za su masallacin Juma'a ta 'yar siririyar hanyar cikin dawa, ba mai yarda ya bi bayan wani, kafaɗa da kafaɗa suke tafiya suna tattake wa mutane shuka. Ba wanda ya taɓa ce wa wani Yaya.

Da abin wasa ne, sai da arzikin man fetur ya shigo ƙasar nan. Shekarun nan kowa da rediyonsa a kafaɗa, wanda jiya yake kan jaki yau yana kan babur. Wani ɗan marigayi wansu ya samu kwangilar gina azuzuwan firamare a wajen Faskari da Sabuwa, ya zo gaisuwa da babbar riga tana ƙamshin sabunta, ya ce ya biya kujerar Makka guda ɗaya, ta wanda ya fi girma a gidan ce. Ya faɗi haka ya shiga motarsa, ya bar mu da wuta.

Mahaifina yana son Makka so na gaske. Duk shekara sai ya je bakin hanya ya tsaya kallon motar alhazai har ta ɓace, ga idanunsa sun fara hazo, yana tsoron kada lokacin ya zo ya kasa ganin Ka'aba. Shi kuwa Baffa yana so, amma da za a ajiye masa Makka a dama da kalmar Yaya a hagu, ban san wadda zai fara kallo ba.

Ni kuma bakina ne ya ja mini. Na dawo hutu daga jami'a, inda nake karatun ƙasa da duwatsu, kaina ya kumbura. Na zauna a zaure ina gaya musu cewa duwatsun bayan garinmu suna cikin mafiya tsufa a ƙasar nan, shekarunsu miliyan ɗaruruwa, shi ya sa ma kada kowa ya sa ran man fetur a gonarsa, don ba a irinsu yake kwanciya ba. Na ce masana sun raba tarihin duniya zamani-zamani, kowane da irin dutsensa da irin halittun da suka bar sawu a ciki. Mahaifina ya tambaye ni ko na halarci sunan dutsen ne. Baffa kuwa, da yake duk abin da ya tsufa yana burge shi, ya gyara zama.

"To kai da ka san shekarun dutse, shi da bai magana," in ji shi, "mi zai hana ka san namu?"

Na yi ta kame-kame. Na ce hanya biyu ce. Ta farko, akwai wani sinadari a cikin dutse da ke rikiɗa a hankali ya koma wani, kamar tulun da ke yoyo ɗis-ɗis ba ya sauri ba ya jinkiri, in ka auna abin da ya rage ka san tun yaushe aka cika shi. Ban rufe baki ba Baffa ya kama wani haƙorinsa mai girgiza ya ce a cire a aika. Na ce injin yana ƙasar Turawa, kuma bai san bambancin 'yan makonni ba. Ta biyu ba ta faɗin shekaru, sai dai wa ya riga wa: inda ƙasa ta kwanta hawa-hawa ba a taɓa ta ba, na ƙasa shi ne babba. Suka ce ai abin da suke nema ke nan.

Akwai Gwaggo, yayarsu, wadda take 'yar yarinya lokacin haihuwar. An daɗe ana tambayarta wa ya riga, amsarta kuwa tana bin wanda ya kawo goro a ranar. Sai na canza tambayar, na ce me ya faru a jegon kowanne. Nan ta warware kamar jiya aka yi. Ta ce a jegon mahaifina babbar tukunyar wanka ta fashe a kan wuta, wata tukunyar Gwarawa mai zane a wuya, babu irinta a gidan, har ita Gwaggo ta sha duka saboda ita. A jegon Baffa kuma wutar dafa ruwan ce ta kama jinkar madafa ta cinye ƙurmus. Fasasshiyar tukunya da ƙonanniyar jinka duk a wuri ɗaya aka zubar, a ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidan. Ramin nan shara ce ta cike shi, ba a taɓa kwasarta a kai gona ba don zurfinsa, daga baya aka yi turken awaki a kai.

Washegari na kwance awaki na ɗauki diga da shebur. Kafin hantsi gari ya taru. Mata suna leƙe ta katanga suna tausaya wa mahaifiyata, wai an kai yaro har jami'a ya dawo yana tonon juji. Tsofaffin biyu kuwa kowa ya shimfiɗa buzunsa a bakin rami, ɗaya gabas ɗaya yamma, don kada a yi maguɗi.

Gaskiya na ji kunya da farko, amma da na fara yin ƙasa sai daɗi ya kama ni, don abin da malamanmu ke zana mana a allo ne na gani a bayan gidanmu. A sama zamanin batirin tocila da gwangwanin kifi. Ƙasa da shi zamanin kwanon sha mai ɓarewar fenti. Can kuma sai anini mai huji. Da na wuce ƙirji ƙarfe ya yi wuya, sai kuɗin wuri da ƙasusuwa da toka. Ina ɗago abu ina shelar zamaninsa, jama'a suna gardamar na wane ne, wata tsohuwa ma ta ce a miƙo mata awarwaronta da ya ɓata tun tana amarya.

Wajen la'asar shebur ya ci karo da tukunya. Na goge wuyanta, zanen ya fito, Gwaggo ta gane ta har da tsaki. Mahaifina ya miƙe yana hamdala, yana cewa ga shi nan tun ƙasan duniya. Ni kuwa na san da sauran magana, domin duk tonon da na yi ban wuce baƙin gawayi ba tukuna. Na ci gaba da addu'ar kada in same shi ko kaɗan. Ban yi nisa ba, kamar faɗin tafin hannu ƙarƙashin tukunyar, ga shi shimfiɗe baƙi ƙirin daga wannan bango zuwa wancan, har da guntayen ƙonannen kara. Gobara ta riga tukunya, Baffa ya riga mahaifina.

Na fito na faɗa. Mahaifina ya ce gara ce ta juya ƙasar, sannan ya ce kaji ne, sannan ya ce ni ne, ya kuma tambayi jama'a ko an taɓa ganin ɗan da ya tona rami ya binne ubansa da rai. Baffa ya bar shi ya gama, ya shafa gemu, ya ce babba ba ya ci ƙane na kallo. Kujera ya bar wa ƙanensa, amma sai ƙanen ya zo ya gaishe shi gaisuwar ƙane.

Mahaifina ya rantse gara ya tafi Makka a ƙasa. Kwanaki suna tafiya, ana ta aiko cewa mai kujera ya je Kankara a yi masa allura a ɗauki hoto, in ba haka ba a ba wani. Ya daina cin tuwo a zaure, ya daina yi mini magana. Na tsani digar nan da karatun da duk duwatsun duniya, don ina ganin ni ne zan hana shi abin da ya fi so.

Ranar da wa'adi zai cika, da sassafe, na gan shi ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi ƙofar Baffa. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yaya," in ji shi, "an tashi lahiya?"

Baffa ya shirya wa ranar nan dogon jawabi, na sani, don na ji shi yana bita. Amma sai hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Ya kama hannun mahaifina yana ja.

"Tashi, tashi, yara na kallo. Tahi kada mota ta bar ka."

Mahaifina ya je ya ga Ka'aba da sauran ganinsa. Da ya dawo yana ce wa Baffa Yaya, Baffa yana ce masa Alhaji, suka buɗe sabuwar gardamar wane suna ya fi nauyi. Ba su gama ta ba. An yi wa Baffa alkawarin kujerar baɗi, amma zazzaɓi ya ɗauke shi da kaka. Da muka dawo daga maƙabarta wani ya ce wa mahaifina yanzu girman gida ya dawo hannunsa, ba mai ja da shi. Mahaifina ya ce ba ya so, a mayar masa da Yayansa.