Ƙofar da na sa gabas

Lokacin da 'yan Katolika na Madawa suka samu fili a bayan gari, wurin duk gonakin hatsi ne. Ba su kai gida goma ba. Cikinsu akwai wani ɗan kudu mai gyaran rediyo, shi ke ja musu addu'a in limaminsu bai zo ba. Ni musulmi ne, magini, amma kullum a rumfarsa nake shan shayi. Shi ya ba ni aikin majami'arsu.

Muka kwaso jan dutse daga tudu, muka kwaɓa laka. Mai rediyon ya zo da takardar zane: babbar ƙofa da dogayen tagogi uku, duk suna duban gabas, wajen hanya. Kowane magini a ƙasarmu ta Adar ya san daga gabas hadari ke tasowa. Ko ɗakin awaki ba a ba shi ƙofa can.

Na buɗe baki zan faɗa, sai ya ce gaban leburorina, yana dariya, "Maigida, kai dai bi takarda. Wanga gini ba rumbu ba na."

Suka kwashe da dariya. Na haɗiye maganata, na bi takarda.

Damina ta farko ruwa ya shiga har gindin gicciye, bangon gabas ya zaizaye. Jama'arsa suka ɗora masa laifi: shi ya kawo zane, shi ya kawo magini. Suka daina bin sa addu'a. Shekara huɗu ina wucewa ina ganinsa kan tsani shi kaɗai yana yaɓe, kuma bai iya ba.

Ran nan ya tsayar da ni. "Abokina, mi na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Ruwa na Allah na."

Bayan girbi ya tattara kayansa ya koma garinsu. Ban raka shi tasha ba.

Yanzu unguwa ta cika, gidajen 'yan albasa da lakkwal, makarantar boko, sun kewaye wurin. An shafe majami'ar da siminti, an rufa kwano, an yi 'yar hasumiya ta ƙararrawa, an buɗe ƙofa yamma. Bara wani sabon limaminsu ya ji ni na ɗora dutsen farko, ya zo gaishe ni. Na faɗa masa duka, na roƙe shi ya nemo min inda abokina yake. Ya tambayi jama'arsa ran Lahadi. Ba wanda ya san ko sunan abokin nawa.