Bajimin da Harisu Bai Ga Haƙoransa Ba

In ka shigo Dakoro ka tambayi Harisu Rashidu, ba kowa zai gane wanda kake nufi ba. Ka ce Harisu Mai Sit, nan take a nuna maka rumfar da ke manne da shagona. Ni tela ne. Tun da muka haɗa fanon sola ɗaya mai ba mu wuta ni da shi nake ƙoƙarin gane sana'arsa, har yau ban gama ba.

Mahaifinsa, marigayi Rashidu, dillalin dabbobi ne a kara. Bai taɓa ɗaure dabba a turkensa ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya san mai ita, ya san rugar da ta fito. Haka dillanci yake a nan. Duk abin da aka gani a turkenka, kai ka lamunce shi. In daga baya ta fito ta sata ce ko mai ciwo, ba a neman wanda ya kawo ta, kai ake nema. Da Rashidu ya rasu turken ya faɗo hannun Harisu, kuma duk kara ta zuba ido ta ga yadda zai yi da shi.

Matsalar ita ce Harisu yana tsoron ƙaho. Ya yi lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, jarrabawar bak ta kayar da shi, ya dawo gida da tsohuwar ordinatar, kwamfuta ke nan, da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta masa ba. In aka miƙa masa igiyar sa, can ƙarshenta yake riƙewa da yatsu biyu, jikinsa duk ya karkata wajen gudu. Sai ya nemo wa kansa dillancin da babu tunkuyi a ciki. Ya buɗe shafi a intanet, shi ne sit ɗin da ya zame masa suna. Kowace ranar kasuwa ya zaga kara, ya ɗauki hotuna daga nesa, ya ji yadda raguna da awaki da shanu da raƙuma suka tashi, ya dawo rumfa ya sa a shafin, har da muryarsa saboda waɗanda ba su yi lakwal ba, ba su iya karatun boko ba.

Zan yi masa shaida ɗaya, bai gaji ƙarfin halin ubansa ba amma ya gaji gaskiyarsa. Ba ya ƙara wa farashi gishiri. Ba a daɗe ba fatake daga Maraɗi suka koma duba shafinsa kafin su tayar da kamyo, babbar motar dabbobi, mutanen Ajekoriya da Korahane kuma suka daina jayayya da zarar an ce Harisu ya faɗa. Shi yana ganin shafi ya buɗe. Su kuwa gani suke turken Rashidu ne ya koma cikin salula.

Sai dai suna ba ya cika tukunya, kuma matarsa Haula takan tuna masa da haka cikin ladabi, kusan kullum. Wata rana ya leƙo shagona fuska a sake, ya ce ya samu wani kamfani na can ƙasashen waje da ke sa talla a ƙananan shafuka irin nasa, suna biya da kiripto.

"Mi ne ne kuma kiripto?" na ce.

"Kuɗi ne, Amani, amma ba a taɓa su da hannu. Cikin salula suke zaune."

Na ce Allah ya sa su yi zama lafiya, na ci gaba da taka kekena.

Ya manna wasu 'yan rubuce-rubuce da kamfanin ya ba shi, sai ga wani akwati ya bayyana a saman shafin. Tallar da ke ciki tana sauya kanta da kanta, ba shi ke zaɓa ba. Wadda ta fi fitowa hoton wani bajimi ne launin zinariya, ya sunkuyar da kai, koriyar kibiya na hawa sama a bayansa, da faransanci a ƙasa cewa ka zuba dukiyarka ta hayayyafa. Harisu ya yi mini bayani cewa a wajen masu kiripto bajimi alama ce ta tashin farashi. Na ce masa a Dakoro bajimi bajimi ne.

Haka kuwa aka ɗauke shi. A wajen masu shayi aka yi ta yi masa kallon sayayya. Wasu suka ce ba shi da tozo, wasu suka ce ƙafafunsa sun yi gajarta, ba zai kai rijiya ya dawo ba. Harisu ya sha dariya, ya ce ai jawo mutane da ma shi ne amfanin talla. Abin da ya shigo masa ba wani abin kirki ba ne, amma ya isa ya saya wa Haula sabon tarmos na shayi, ya kuma riƙa tafiya da wani sabon taku.

Ana nan sai ga Gwaggo Hamsatu. Ƙanwar Rashidu ce, tana zaune a Korahane tun rasuwar mijinta, da jikoki a gabanta da saniya ɗaya tak. Jar saniyar nan ita ce gidan gaba ɗaya. Shekarar da fari ya share mata garke, wata ƙawarta Bafulatana ta ba ta aron karsana, habbanaye kamar yadda suke cewa, ta riƙe har ta haihu, ta mayar da uwar ta tsira da 'yar. Nononta suke sha, da shi take yin cuku ta sayar.

Ranar kasuwa da hantsi Haula ta aiko mini in yi maza in je kara. Na tarar da jar saniyar ɗaure a turken Rashidu, Gwaggo na tsaye ta riƙe ƙugu, Harisu na gefe inda ƙaho ba ya kaiwa.

"Ka saishe ta," in ji Gwaggo, "ka zuba mini kuɗin ga bajimin nan naka mai haihuwa. Maƙwabciyata ta karanta mini, na kuwa ga hoton da idona."

"Gwaggo, mu koma gehe mu yi magana," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Gehe na mi? Cinikin ɓoye muka? Ubanka ba shi ciniki da raɗa."

Gwaggo ba ta san magana a hankali ba. Kafin ka ce me, an kewaye su, har wani falke ya fara shafa bayan saniyar yana tayawa. Hayaniyar ta jawo Elhaji Abarci, shugaban dillalai, abokin Rashidu tun suna samari. Ya saurari Gwaggo har ta gama, ya karɓi salular wani, ya nisanta ta da idonsa ya ƙare wa bajimin kallo.

"Ɗana, wanga bajimi, ka ga haƙoranshi?"

"Baba Elhaji, ai hoto ne. Alama ce kawai."

"To mai shi hwa, ka san shi? In dukiyar Hamsatu ta salwanta, ƙohwar wa za mu buga?"

Nan Harisu ya shiga bayani. Ya ce kamfani ne ke turo tallar, kamfanin ma ba nasa ba ne bajimin, wasu ne suka biya shi, su ma wataƙila wasu ne a bayansu. Ya gyara tabarau ya ce haka ake yi a duk duniya. Elhaji ya bar shi har ya ƙare.

"Na ji. Amma turken na wa ne?"

Wallahi na ji tausayinsa. In ya ce ya lamunce, yanzu a sallama saniyar, a zuba abincin jikokin Gwaggo inda shi kansa bai san ƙarshensa ba. In kuma ya ce bai sani ba, ya faɗi abin da ba a taɓa ji a turken Rashidu ba, a gaban duk wanda ke rantsuwa da maganarsa. Ya dubi saniyar, ya dubi gwaggonsa, ya cire tabaran ya sa a aljihu.

"Nawa ne," ya ce. "Na ɗaure abin da ban sani ba. Ban san shi ba, ban san mai shi ba. Kada wanda ya sai da ko akuya da bakina."

Wani makiyayi daga Ajekoriya ya ja ragunansa baya sannu-sannu, ashe shi ma layin bajimin ya biyo. Gwaggo ta daɗe tana kallon Harisu, idonta ya kawo ruwa, ta ce da ta san ba shi ya duba ba, da ko ƙofar gida ba ta fito da saniyar ba.

Hukuncin Elhaji bai yi tsawo ba. Ya ce dillalin da ya ɗaure abin da bai sani ba, shi ke mayar da dabba inda ta fito da ƙafarsa. Tunda bajimin ba shi da ruga, sai Harisu ya mayar da saniyar Korahane. Mutane suka samu abin dariya, aka raka shi har bakin gari yana riƙe da ƙarshen igiya, saniya na gaba, shi yana biye, Gwaggo na bayansu tana ba shi umarni.

Washegari ya dawo a bayan kabu-kabu, ƙafa duk bororo. Bai tsaya shan ruwa ba ya kunna ordinatar ya cire rubutun kamfanin. Har yau yana nan a kan cewa kiripto ba ƙarya ba ce, akwai na gaske a ciki, kuma duk ranar da mai bajimin ya zo Dakoro ya zauna a rumfarsa aka san gidansu, zai mayar masa da tallarsa. Haula ta ce za ta ajiye wa baƙon shayi a tarmos.

Akwatin yana nan a saman shafin, bai goge shi ba. Hoton da ke ciki yanzu na jar saniyar Gwaggo ne, an ɗauka a kusa, baki a buɗe, haƙora a waje. A ƙasa an rubuta cewa an san mai ita, kuma ba ta sayarwa ba ce. Hoton ya ɗan girgiza, don Gwaggo ce ta ɗauka. Hannun da ke riƙe da haɓar saniyar na Harisu ne.