Haƙorin da Hajiya Ta Jefa a Shara

Shekarun baya, tun zamanin kaset ɗin bidiyo, ina aikin ba da magani a wani asibiti a Madina. Ni da maiɗakina muna zaune a wata 'yar shiƙƙa, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Harra ta Yamma, ƙofarmu na kallon ta wani abokin aikina mai gashin ƙashi, ɗan ƙasar Fiji. Kafin na san shi ban taɓa jin sunan ƙasar ba. Da ya nuna mini ita a taswira, na ɗauka ɗigon tawada ne a tsakiyar teku.

Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Tun daga ƙasan bene za ka ji ya kwaɗa "Bula!", gaisuwarsu ke nan. In ya taso daga aiki sai ya ɗaura zani mai aljihu, har da bel, ya ce a can da shi maza ke zuwa ofis. Duk wannan na jure. Abin da ya ishe ni shi ne ƙwallon zari-ruga.

Ba shi da bidiyo, ni ina da shi. Duk Alhamis sai ya zo da kaset ɗin da aka aiko masa daga gida, ya sa farar riga mai hoton bishiyar kwakwa, ya rataya shuɗiyar tutarsu a labulena. In aka sa taken ƙasarsu ya miƙe tsaye, ni ma ya ce in miƙe, a falona. Ni dai ban ga komai ba sai ƙarti suna kokawa a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Ran nan bakina ya ja mini, na ce, "Wannan ɗauka-ka-gudu ai ko ni zan iya."

Washegari bayan la'asar ya kai ni wani fili wajen Al-Awali, inda yake tara ɗalibai suna yi. Aka miƙo mini ƙwallo, na runguma, na zura da gudu da tumbina. Abin da na tuna kawai shi ne ƙasa na girgiza a bayana. Da na buɗe ido ina kallon ganyen dabino, kafaɗata ta goce. Shi ya gotar da ita, shi ya mayar, yana yi yana hawaye.

A makon ne mahaifiyata ta iso Umra ta sauka wurinmu. Na ce mata a bene na zame. Ina zan iya ce wa Hajiya magidanci kamata guje-guje ya je yi?

Wata safiya Hajiya ta tafi Harami, sai ga abokina. Ya ƙi zama a kujera, ya zube a ƙasa, ya sunkuyar da kai. Ya fito da wani abu kamar ƙaho, tsawon tafin hannu, ya yi ja saboda tsufa, da igiyar zaren kwakwa a jiki. Ya ce haƙorin babban kifin teku ne, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, kuma a ƙasarsu da shi ake neman gafara.

Na ce, "Khalas, ya wuce. Tashi don Allah."

Ya ce, "In ba ka karɓa ba, ba ka yafe ba."

Kafaɗa na zugi, na karɓa don ya tafi. Na tura shi ƙarƙashin katifa na manta.

Bayan kwana biyu na dawo daga asibiti na tarar da Hajiya a tsakiyar falo tana jan carbi da ƙarfi, gidan duk hayaƙin turare, maiɗakina ta raɓe a ƙofar kicin.

"Na gano abin da ya kayar da kai a bene," in ji Hajiya. "Asiri aka binne maka a makwanci. A garin Manzo! Ba su ji tsoron Allah ba."

"Hajiya, ina yake?"

"Na tofe shi, na ƙulle a leda, na jefa a shara. Na kuma nuna wa mai gadi. Ya ce a kai wa hukuma magana, kuma yana zargin mai zanin nan."

Duk wanda ya zauna Saudiyya ya san zargin sihiri ba abin wasa ba ne. In an yi sauƙi a karɓe iƙamar mutum, wato takardar izinin zama, a kore shi. Na sauka da gudu, na roƙi mai gadi da duk Larabcin da na iya kada ya kira kowa. Sannan na nufi babban kwandon shara na hukumar gari. Rana tsaka, hannu ɗaya rataye a wuya, ni da maguna muna tonon ragowar shinkafa, maƙwabta na leƙe ta taga. Duk ledojin baƙaƙe ne. Sai da na kwance fiye da goma kafin na same shi, an cika ledar da gishiri.

Ba makawa na faɗa wa Hajiya gaskiya, na kuma kira abokina. Ya zo ya durƙusa gabanta, ina fassara. Ya ciro kwabon ƙasarsu ya nuna mata hoton irin haƙorin a jiki, ya ce ba tsafi ba ne, alamar girmamawa ce. Wannan kuma kakansa na wajen uwa ne ya ba shi ya ajiye, don da shi zai je neman aure in ya koma gida.

Hajiya ta dubi abokina, ta juyo kaina.

"Wato kayan neman aurensa ya ba ka saboda kafaɗa? Kai kuma ka cusa a ƙarƙashin katifa kamar tsohuwar safa?" Ta ja tsaki. "Wa ma ya aike ka kokawa da wannan bawan Allah? Ba ka da ido? Kuma ka yi mini ƙarya."

Ita da ta jefa shi a shara ba wanda ya ce mata komai. Da hannunta ta wanke haƙorin, ta shafe shi da turare, ta sa aka tuƙa wa abokina tuwo. Har ta koma gida "ɗana" take ce masa, ni kuwa "mai faɗuwa a bene".

Na so in mayar masa a ranar, ya ce ba a yi. Sai da zai bar Madina na samu hanya, don a al'adarsu ana ba da shi kyautar bankwana. Na zauna a ƙasa na miƙa masa, ya karɓa hannu biyu.

Abin da na koya bai da yawa. In mutum ya durƙusa ya miƙo maka abu, tsaya ka tambayi me yake nufi a wurinsa kafin ka ajiye. Amma gaskiya har yau haushin bai gama fita ba. Ni aka gotar wa kafaɗa, ni na shiga shara, ni aka yi wa faɗa. Shi kuwa tuwo ya ci, har da ƙari.