Babu Farar Hula A Cikinsu

Shekara talatin da huɗu Malam Aƙilu ya yi yana wankin hula a bakin kasuwar Sakkwato, ƙarƙashin wata darbejiya da ya tarar ba ta kai tsawonsa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: baho biyu, buroshi, sitaci, da katakan nan masu siffar kai da yake kifa huluna a kansu su sha rana. Sai rediyo. Rediyon ba ya wanki, amma in ya lalace aiki tsayawa yake har sai an gyara shi.

A bakin rediyon nan ya yi karatun da bai samu yi a aji ba. An yi yaƙin Iraƙi yana cuɗa kube, an yi na Afganistan yana matse zanna-bukar, kuma babu harin da aka kai ta sama wanda bai san dalilinsa ba, don kowane hari da sanarwarsa yake zuwa. Wani martani ne, wani gargaɗi ne, wani kuma an kai shi ne don kada a kai wani. Aƙilu ya haddace su har yakan riga mai karanta labarai ƙarasa magana. Shi ya sa 'yan rumfa suka sa masa Janar.

Ra'ayinsa ɗaya ne tun farko: jirgin zamani ba ya kuskure.

"Shina da ido," yakan ce wa abokinsa Bawa mahauci, wanda teburinsa ke tsallaken kwata. "Daga sama shika karanta huskar mutum. In ka ji an buge ka, to, binciki kanka."

"Janar, ni da wuƙa a hannuna, rago kwance gabana, nakan yanke yatsa. Bale mai harbi daga inda ba ya jin kuka."

"Kai mahauci ne. Su injiniyoyi ne."

Sun shekara ashirin suna wannan gardama, ba wanda ya ci, ba wanda ya gaji.

Ɗa ɗaya Allah ya bar masa, Sharifuddeen, wanda uwarsa ta rasu yana ƙarami. Aƙilu ya tura shi Sudan karatun Larabci. Ya dawo hutu aka ɗaura masa aure da Murja, 'yar Kalambaina, ya koma don ya ƙarasa shekarar ƙarshe, ya bar ta da ciki a gidan mahaifinsa. Sai yaƙi ya tashi. Makaranta ta rufe, ranar da aka kwashe ɗalibai kuma yana wani gari hanya ta toshe. Ya kafa teburin shayi a kasuwar garin yana jiran hanya ta buɗe. Murja ta haifi 'ya aka sa mata Bahijja, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara magana, ubanta yana jira.

Ranar wata Talata da hantsi rediyo ya ambaci sunan garin. An kai hari da jirgi marar matuƙi a kasuwarsa. Masu jirgin sun ce wurin maɓoyar mayaƙa ce, harin kuma martani ne ga na makon da ya wuce. An kashe mayaƙa arba'in da ɗaya, babu farar hula ko ɗaya a cikinsu.

Buroshi ya tsaya a hannun Aƙilu, sannan ya ci gaba.

"Ka ji, ko? Ba farar hula," ya ce wa Bawa. Bawa ya ci gaba da yankan nama.

Ranar Alhamis saƙon murya ya shigo wayar Murja. Jafar ne, wani ɗan Dundaye mai gyaran takalma kusa da teburin shayin. Ya ce shi ɗiban ruwa ya fitar da shi. Da ya dawo babu layin rumfunan. Shi da hannunsa ya ɗauki Sharifuddeen, an sa su rami ɗaya da wata mai sayar da albasa da 'ya'yanta biyu. Ya ce a yi haƙuri, waya ba caji.

Murja ta durƙusa a ƙofar ɗakin surukinta ta miƙa masa wayar. Ya saurara har sau uku.

Kafin Juma'a unguwa ta riga ta haɗa lissafinta, kuma lissafin ba shi da wuya. Sanarwa ta ce duk wanda ya mutu mayaƙi ne. Yaron ya mutu. Me ma ɗalibi yake yi shekara da shekaru a ƙasar da ake yaƙi? An ce da dala ake biyan masu ɗaukar bindiga. Wani tela ya ƙara da cewa ai Janar da bakinsa ya sha faɗa: in ka ji an buge ka, binciki kanka. Ba a faɗa a gabansa ba. An dai faɗa inda zai ji.

Aƙilu ma ya yi nasa lissafin, ya fito masa da amsa biyu. In ya shimfiɗa tabarma ya karɓi gaisuwa, ya yarda ɗansa yana cikin arba'in da ɗayan nan, Bahijja kuma za ta girma ana nuna ta da baki. In kuwa ɗansa farar hula ne, to, sanarwa ta ce bai mutu ba. Ya zaɓi ta biyu.

"Yaron nan shina nan da ransa," ya ce wa liman da ya zo da mutum huɗu. "Ku tahi da addu'arku inda anka yi mutuwa."

Ya hana a fito da tabarma. Ya hana Murja shiga takaba. Kullum ya tafi kasuwa ya kunna rediyo yana jiran a gyara sanarwa, a ce an sake ƙirgawa an samu mai shayi ɗaya. Mako ya zagayo, aka kai wani harin a wani garin, martani ga martanin, kasuwar ɗansa kuma ba a ƙara ambatonta ba. Ya fara ba mutane hulunan da ba nasu ba. Ya bar ta wani alhaji a ruwan sitaci har ta zama kamar ƙwarya. Abinci ya koma sai an tsare shi yake kai loma biyu.

Kwana goma sha tara ana haka. Da safe yana ɗaure rediyo a bayan keke, Murja ta fito ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"In shina da rai, a kira shi in ji muryatai. In ba shi da rai, a bar ni in yi mishi abin da Allah ya ce. Jiya na wanke rigunatai, ban sani ba ko kayan miji nika wankewa ko na gado." Ta ƙara sunkuyar da kai. "Babana ya aiko daga Kalambaina. Jibi za a zo a tahi da ni in yi takaba can. Ya ce wanda duk ya tambaye shi, abin da rediyo ya hwaɗi za shi hwaɗi."

Aƙilu ya hau keke ya tafi.

A kasuwa Bawa ya aje wuƙa ya tsallako kwata, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Aƙilu, ka ce sanarwar nan ƙarya ce ka huta."

"Na ce. Cikin ɗaki na ce, ban ji an gyara ba. Su rediyo gare su."

"Kai ma akwai gidan rediyo garin ga. Tashi."

Suka tafi tare. A ɗakin karɓar sanarwa suka tarar da wata ma'aikaciya da tarin takardu. Ta yi musu gaisuwa, ta ɗauko takardar sanarwar rasuwa, ta rubuta suna, da shekaru, da unguwa, da cewa ya bar mata ɗaya da 'ya ɗaya.

"Baba, sanadi fa? Gajeruwar rashin lafiya, doguwar jinya, ko haɗarin mota?"

"Jirgi ya kashe shi shina dahwa shayi. Ki rubuta farar hula ne. Ki rubuta waɗanda sunka ce babu farar hula ba su ƙirga daidai ba."

Ta aje biro. Ta ce ta yarda da shi, wallahi ta yarda, amma wannan ya zama labari, labari kuma sai da takardar shaida daga can. Aƙilu ya miƙa mata wayar Murja, wadda ke aljihunsa tun ranar da saƙon ya zo. Ta saurari Jafar har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce murya ba takarda ba ce.

"To wa za shi ba ni takardar?"

"Hukumar da ke riƙe da garin yanzu."

"Su ne masu jirgin," in ji Aƙilu.

Ta turo masa takardar. Fanka tana juyawa a sama, akwai mutum biyu a bayansu suna jiran a yi musu sanarwar ɗaurin aure. Aƙilu ya daɗe yana kallon gurbi ukun nan na sanadin mutuwa. Ya lura babu wanda a cikinsu ake tambayar mamaci me ya kai shi wurin.

"Sa ta farkon," ya ce.

Bayan la'asar aka karanta: Sharifuddeen Aƙilu ya rasu a ƙasar Sudan bayan gajeruwar rashin lafiya, ana zaman gaisuwa a ƙofar gidan mahaifinsa. Bawa ya aro tabarmi daga masallaci. A cikin gida Murja ta cire 'yan kunne ta shiga ɗaki, mata suka fara shigowa, aka ji kukan da aka riƙe kwana goma sha tara.

Jama'a ta cika ƙofar gida har bakin titi. Telan nan ma ya zo, ya durƙusa, ya kama hannun Aƙilu da hannu biyu.

"Ashe ciwo ne, Malam. Mu da munka ji wata magana. Mi ya same shi?"

Bawa ya sunkuyar da kai. Aƙilu ya dubi telan.

"Zazzaɓi," ya ce.

"Allah ya jiƙan shi. Bana zazzaɓin ga ba ya da kyau."

"Ba ya da kyau," in ji Aƙilu, ya miƙa hannu ga na bayansa.