Rajistar kwamfutar Mushe

Shekara tara na yi ina gyaran kwamfuta a wata 'yar rumfa kusa da tashar Konni, kuma rabin aikin da aka kawo mini abu ɗaya ne: na'ura ta yi nauyi, a wanke mata rajista. Rajistar nan wani kundi ne can cikin kwamfuta inda take rubuta duk saitinta, tun daga manhajar da za ta tashi idan an kunna ta har zuwa haruffan da maɓallai za su fitar. Duk abin da ka sa ka cire sai ya bar sawu a ciki. Mutane sun ji an ce wannan tarkacen ne ke hana na'ura gudu, sai suka riƙe. Ni kuwa na san wankin bai cika canza komai ba. Na'urorin ne suka tsufa, ga zafi. Amma ban taɓa musawa ba. Na gaji da dogon bayani, kuma da aikin nake ci.

Akwai wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tajaye da kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Bayan ya yi ritaya, ɗiyarsa ta ba shi tsohuwar kwamfutar hannu, ya dukufa yana rubuta abin da tsofaffin garin suka sani: wa ya gina wace rijiya, irin geron da ake shukawa da can aka daina. Da Hausa yake rubutun, kuma wani ya taɓa saita masa ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan da ya saba da su. Kusan duk wata biyu sai ya bugo mini waya.

"Ɗana, ta koma halinta. Yaushe za ka taho?"

Ranar da abin ya faru bazara ce. Na fara tsayawa Malbaza na gyara wa wani mai shago na'urar buga takarda, sannan na daɗe a bakin hanya ina jiran mota, manyan motocin siminti na wucewa suna hura mini zafi. Motar ba ta samu ba, sai bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke ni daga babur ɗinsa a ƙofar gidan Mushe, kaina kamar zai tsage.

Ka'idar aikin guda ce, kuma na san ta sarai: kafin ka taɓa rajista, ka ajiye kwafinta, don in ka yi ɓarna ka mayar. Na lalube aljihu na tarar na manta kilena, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a shagon Malbaza. Da na so, sai in ajiye kwafin a cikin na'urar kanta, aikin minti biyu ne. Ban yi ba. Na sa manhajar wanki ta share abin da ta samu, sannan na shiga da hannu na goge wani reshe na rajistar da na ɗauka ragowar tsohuwar na'urar buga takarda ce. Na kashe, na kunna. Allon ya yi shuɗi, ya mutu. Na sake, haka. Sau biyar.

Mushe yana zaune a tabarma, ya ajiye kofin shayinsa.

"Lafiya dai?"

"Sai na tafi da ita Konni, Mushe."

"Littafin yana ciki," ya ce. Shi da kansa ya naɗe ta a cikin tsohon rawani ya miƙo mini.

Kwana uku na rufe rumfa. Na cire faifan ajiyarta na haɗa da tawa. Rubutun yana nan, duk babi goma sha ɗaya. Na kwashe shi wuri biyu, na sake ɗora wa na'urar komai daga farko. Abin da ban iya dawo da shi ba shi ne saitin haruffan nan. Na samo wani, amma ƙ ta koma wani maɓalli, ɗ sai an danna biyu tare.

Da na mayar masa, ya buɗe babi na farko da na ƙarshe ya karanta, ya yi hamdala. Sannan ya gwada rubuta "ƙasa". Yatsunsa sun riga sun ƙage da tsufa, sau uku suna zuwa tsohon wurin. Ina kallonsa sai na ji ba zan iya ci gaba da yin shiru ba. Na gaya masa laifina ne, ban ajiye kwafi ba. Na kuma gaya masa wankin da nake zuwa yi masa shekara biyu bai taɓa ƙara mata wani gudun kirki ba.

Ya cire tabarau ya dube ni.

"To mi kake zuwa yi?"

"Kana kira, Mushe, ina zuwa."

"Ba amsa ba ce wannan." Ya mayar da tabaransa. "Mi za ya taimake ta, in ba wannan ba?"

Na ce a rage abubuwan da ke tashi tare da ita, a daina ɗora ta kan katifa don ta sha iska, in hali ya yi a ƙara mata ƙwaƙwalwa. Na yi masa na farkon nan take. Ta ɗan sake jiki, ba sosai ba. Ya raka ni bakin ƙofa kamar kullum, ya ce in gaida gida.

Bai sake kirana ba. Bayan damina ya shigo Konni ganin likitan ido, ya biyo rumfata da babi biyu a buga masa a takarda. Na duba na ga duk ƙ da ɗ ɗinsa ba lanƙwasa. Ya ce ya haƙura da sababbin maɓallan, da biro zai bi ya sa musu ƙugiya. Ya zauna kan benci ya fara, layi bayan layi, har aka kira azahar.

Har yanzu ana kawo mini na'ura a ce a wanke rajista. Nakan ajiye kwafi tukuna, sannan in faɗa wa mai ita kada ya sa rai da yawa. Galibi sukan ce in dai yi. Sai in yi.