Sarƙar Maharazu da Sanyin Ludhiana

Maharazu ba ya fita sai da 'yar sarƙa da kwaɗo a aljihun kwat. Ko a bas ya zauna, ko a asibitin da yake tura keken marasa lafiya a Marylebone, sai ya ɗaure jakarsa a ƙafar kujera. In an tambaye shi ya ce, "Wanda ya taɓa kwana a jirgin ƙasan Indiya ba ya wannan tambaya." Bai taɓa cewa shi ya kwana ba. Mu da muke gida ɗaya da shi ba mu matsa ba.

Karatun akanta ya kawo shi London daga Funtuwa. Karatun ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ana nan sai kuɗin mai ya ɓarke a gida, ma'aikatu suka shiga tura manyansu ƙasashen waje su gano yadda ake yi. Wata ma'aikata ta ƙwallafa rai a kan Ludhiana, wani gari a arewacin Indiya inda ake ƙera kekunan hawa da na ɗinki. Manyan kuwa ta London suke son bi. Mutum ya sauka, ga kantuna, ga likita mai auna jini, ga kuɗin guzuri a aljihu. Kafin ya farga ranar komawa ta zo, Indiya tana inda take.

A nan Maharazu yake da rana.

"Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka. Gobe bayan azahar mu haɗu a tashar Paddington."

Jirgin ƙasan Southall suke hawa, unguwar Indiyawa. Ya kai baƙo kantin wani dattijo mai rawani, Baba Sohan, a sayi tsaraba: awarwaro, turaren tsinke, yadin da Hajiya za ta nuna wa maƙwabta. A ɗauki hoto gaban labulen da aka zana wa giwa. Sannan a zauna kan shayi mai citta, Maharazu ya ba da karatu.

"Daga Delhi jirgin ƙasa ka hau, tafiyar yini. Tikiti tun jiya ake yankarsa, wanda ya bari sai safiya a tsaye zai je. Akwati ka ɗaure shi a ƙarƙashin kujera. A tasha 'yan dako masu jar riga za su yanyame ka, ka zaɓi ɗaya ka riƙe lambar da ke damtsensa. Cikin gari keke mai ƙafa uku ake hawa, a gama ciniki kafin a ɗora ƙafa. Ruwa sai dafaffe. Naman shanu, kada ma ka tambaya. In an ce yaya garin, ka ce zafi, Sakkwato wasa ce."

Duk wannan daga bakin Baba Sohan ya samo shi. Baba Sohan a Kampala aka haife shi, daga mahaifinsa ya ji, mahaifin kuma a tsakiyar bazara ya baro garin.

Da manyan ma'aikatar suka gama zuwa kaf, sai layi ya zo kan wani ƙaramin ma'aikaci, Choji, mutumin Bukuru. A watan Janairu ya iso. Ya saurari karatun har ƙarshe, ya gode, ya tambayi inda ake hawan bas na filin jirgi.

Maharazu ya ajiye kofi. "Tafiyar za ka yi?"

"To me aka aiko ni yi, Malam?"

Ya tafi da riguna marasa nauyi, tunda an ce zafi. Ya dawo ta London da tari da wani bargo mai kauri.

"Malam, sarƙarka ta yi rana, 'yan dakon ma haka suke. Amma sanyin garin ya fi na Jos. Giwa kuwa ko kashinta ban gani ba."

"In ka koma," in ji Maharazu a hankali, "ka ce zafi."

"Don me zan ce zafi?"

Da ya koma gida, a taron ma'aikata Choji ya ce sanyi. Manya suka dubi juna. Kowannensu ya je garin nan, kowannensu ya sha zafi, kowa da hotonsa da giwa a bangon ofis. Shi wannan yaro me ya kawo? Bargo da tari. Tarin ma, in ji wani darakta, da ji ka san na London ne. Choji ya ciro fasfo zai nuna hatimi, aka ce ya mayar, hatimi ko a bakin kasuwa ana sassaƙa shi. Babu dai wanda ya so a fara zancen fasfo. Aka dakatar da shi bisa zargin ya maƙale a London ya cinye guzuri.

Yayarsa Kaneng nas ce a nan London. Ita ta zo gidanmu wata Lahadi daga coci, ta ƙi zama.

"Malam Maharazu, aikin ƙanena a bakinka yake. Kai suka yarda da kai. Ka gaya musu garin yana sanyi, shi ke nan."

Maharazu ya daɗe yana juya kwaɗonsa.

"'Yar'uwa, mutum ba ya shaidar abin da bai gani ba. Bari in je in ji sanyin a jikina."

Kaneng ta dube shi, ta dube ni. Ni na dubi taga.

Maharazu kuwa ya sayi akwati a makon. Ya ce sai Janairu, don a gwada daidai. Janairu ta zo da ayarin wata ma'aikata, mutum ba ya barin baƙi. Ta gaba ma haka. Kafin baƙi su ɗauke ƙafa, Choji ya daɗe da buɗe rumfar gyaran keken ɗinki a Bukuru. An ce duk garin babu kamarsa, har ana tambayarsa inda ya koya. Ba ya ambaton Ludhiana.

Da Allah ya yi wa Maharazu rasuwa, ni na kwashe kayansa. Akwatin yana ɗaure a ƙafar gado, sai da muka ɗaga gadon muka zare sarƙar. Babu komai a ciki sai sabuwar rigar sanyi, ko takardar farashinta ba a cire ba.